Amsa ga mai tambaya kan dashen fata bayan ƙuna

'Yar uwa da kika ce ruwan zafi ya ƙona ɗanki, ciwo ya warke amma gwiwar hannun ta ƙi miƙewa, likita kuma ya ce sai dashen fata: sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ki yarda a yi. Ni ganau ce.

A wani ƙauye muke kusa da Ringim. 'Yata tana shekara huɗu ta faɗa wutar da ake jin ɗumi da hunturu. Ɗanyen ƙwai da man goge baki muka shafa mata, sai daga baya muka ji ashe ruwa mai sanyi ake ta zubawa tsawon minti 20. Ciwo ya rufe, hannu ya lanƙwashe kamar lauje. Mai ɗori ya ja, ya murza, a banza.

A Asibitin Ƙashi na Dala likita ya ce mana ƙashinta lafiya lau, tabon ne yake tsukewa yana jan hannun. Suka tsaga tabon, suka miƙe hannun, suka feraye fata siririya kamar ɓawon albasa daga cinyarta suka rufe wurin. Kada ki ji tsoron cinyar: ta fi hannun zafi a kwanakin farko, amma wajen mako biyu ta warke da kanta. Dashen kuwa ba su buɗe ba sai kwana na biyar, don ko ɗan motsi yana hana shi kamawa. Ki tanadi ƙwai, wake da kifi, sabuwar fata abinci take so.

To ga inda na yi wauta. An sallame mu da wata roba mai tauri da ake ɗaura mata don hannun ya zauna a miƙe, aka ce mu riƙa zuwa gashin ƙashi. Dare ya yi, yarinya ta hau kuka, ga ƙaiƙayi, kakarta ta ce, "Haba, ku tausaya wa baiwar Allah nan." Sai in kwance. Kuɗin mota kuma ya sa muka fara tsallake ranakun gashi. Kafin damina ta faɗi hannu ya soma komawa gidan jiya, dole aka sake shiga da ita tiyata. A karo na biyu na toshe kunnena. Ina shafa mata man kaɗanya bayan wurin ya rufe, ina miƙa hannun safe da yamma, tana kuka ina kuka.

Tabo kan ɗauki shekara ko fiye kafin ya yi laushi, launin ma ba zai koma daidai ba. Tunda yaro ne yana girma, ki riƙa mai da shi ana dubawa. Tawa yanzu ita ke ɗora wa kanta tulu a bakin rijiya.