Yaye majinyaci daga injin numfashi

Ƙanwata, kin tambaye ni: tunda an huda wa majinyacin nan maƙogwaro an sa bututu, kuma ya yi awa biyu yana numfashi da kansa lafiya lau, me ya sa muka mayar da shi kan inji?

Huhunsa ne ya samu sauƙi, tsokar da ke jan numfashin ba ta warware ba tukuna. Shimfiɗaɗɗiyar tsokar nan da ke tsakanin ƙirji da ciki, da zarar inji ya ɗauke mata aiki sai ta fara ramewa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya nuna zaman awa 18 zuwa 69 kawai a kan inji ya isa ta rame sosai. To ina ga wanda ya yi makonni? Motsa ta muke so, ba galabaitar da ita ba, don in ta ƙare ƙarfi yau, gobe ma ba za ki same ta ba.

Shi ya sa da safe, idan zazzaɓi ya sauka, jini ya daidaita, maganin barci ya sake shi, sai a ɗaga kan gadon, a zuƙe kaki, a cire inji, a ɗora masa oksijin a bakin bututun. Kullum a ƙara lokaci, da dare ya koma ya huta. Sai ya iya yini sannan a taɓa dare. Na fi yarda da wannan a kan rage ƙarfin inji kaɗan-kaɗan. A wani gwaji na 2013, hanyar cire injin ta yaye mutane a kwana 15, ta rage ƙarfinsa kuwa kwana 19.

Amma ki zauna kusa da shi, ki gaya masa abin da za a yi, don tsoro kaɗai yana sa haki. Ki dubi goshinsa ko ya tsatso gumi, jijiyoyin wuya ko sun miƙe, ciki ko yana lotsawa in ya ja iska. Numfashi ya haura 35 a minti, ko oksijin na jininsa ya yi ƙasa da kashi 90 cikin 100, ki mayar da shi, kada ki jira ƙararrawa.

Iskar kuma a jiƙa ta, tunda ba ta bi ta hanci. Busasshen kaki yana toshe bututu, balle da hunturu. Ranar da za ki sa masa murfin magana, wato murfin bakin bututu da ke barin iska ta shiga amma ya hana ta fita ta nan, don ta bi ta maƙogwaro ya yi magana, ki fara sace iskar balan-balan ɗin da ke kewaye da bututun a cikin maƙogwaro gaba ɗaya. In kin bar shi a cike, iska za ta shiga ta rasa mafita.