Tambaya da Amsa: Sigarin Lantarki Ya Ƙi Kamawa, Kwayil Ne Ko Batir?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne da caji a wani ƙauye kusa da Ringim. Wani direba ya kawo mini sigarin lantarki, idan an danna sai fuskarsa ta rubuta "Check Atomizer". Na auna kwayil da mitata ta nuna om 0.9, alhali 0.5 aka rubuta a jikinsa. Ko kwayil ɗin ne ya ƙone? Sannan batirinsa ya yi sanyi, ni kuwa ina da batiran tsohuwar laftof masu girma ɗaya. Zan iya sa masa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kyauta da ka auna kafin ka canja komai, amma kada ka yanke wa kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke yin zafi ta mai da ruwan tanki tururi, hukunci tukuna, domin ina kyautata zaton mitarka ce ta yi maka ƙari. Wayoyin ƙananan mitocin da muke saye a Farm Centre ko Sabon Gari su ma suna da tasu turjiyar, wadda kan kai om 0.2 zuwa 0.5. Wannan ba ya damunka idan kana auna abin da ya kai om dubu a allon waya, amma a kan kwayil mai rabin om ya isa ya ruɗe ka. Ka haɗa bakunan wayoyin biyu da juna, ka ga abin da mitar ta nuna, sannan ka debe shi daga 0.9. Idan 0.4 ta nuna, to kwayil ɗinka lafiyarsa ƙalau.

Saƙon da kake gani yawanci ma'anarsa na'urar ba ta ga kwayil ba sam, wato hanyar wuta ta yanke a wani wuri. Da wayoyi ne suka haɗe, da "Short" ko "Atomizer Low" za ta rubuta. Wurin da ya fi yankewa shi ne mahaɗin da ake kira 510, inda kan sigarin, wato tankin da kwayil yake ciki, yake ɗaurewa a jikin na'urar. Ka kwance kan ka duba tsakiya, za ka ga ɗan ƙaramin fil mai ruwan tagulla; shi ne ke ɗauke da wuta, zaren ɗaurin kuma shi ne hanyar komawarta. Ruwan da ake zubawa a tankin yana da danƙo, idan ya yoyo ya kwanta a kan fil ɗin, ƙurar hunturu ta same shi, sai ya zama wani baƙin datti da ke hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Ka cire batir, ka goge wurin da auduga da ɗan sifirit, ka bar shi ya bushe. Ka danna fil ɗin a hankali da tsinke, idan ya nutse bai dawo ba, an matse kan da ƙarfi ne har sifirin da ke turo fil ɗin ya gaji. Bayan haka ka tabbata shi kwayil ɗin ya zauna daram a mazauninsa, don girgizar mota kawai tana sassauta shi.

Idan ka sake auna kwayil ɗin bayan duk wannan mitar ta ƙi nuna komai, waya ta tsinke a ciki, sai sabo. Yawancinsu da wayar kantal, wani ƙarfe mai jure zafi, ake naɗa su a zagaye da auduga, kuma ba a yi su don a yi musu dalma ba. Sabo kuwa a bar audugarsa ta jiƙa kamar minti 5 zuwa 10 kafin a kunna, in ba haka ba nan take ta ƙone.

Batun batir shi ne ya fi tayar mini da hankali, kuma amsata ita ce a'a. Gaskiya ne girmansu ɗaya, dukansu 18650 ne, wato faɗin milimita 18 da tsawon 65, kuma dukansu bolt 3.7 ne, su kai 4.2 idan sun cika. Bambancin yana ga yawan wutar da kowanne zai iya fitarwa a lokaci guda. Ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta ce a raba bolt da om a sami amfiya: bolt 4 a kan om 0.5 amfiya 8 ke nan, a kan om 0.2 kuwa amfiya 20. Idan direban ya saita na'urar a wat 40, tana zuƙar kusan amfiya 11 daga batir ɗaya. Batirin laftof an yi shi ne ya riƙa ba da wuta kaɗan kaɗan na tsawon sa'o'i, balle wanda ya riga ya tsufa. Idan aka matsa masa zai yi zafi, yana iya fesar da iska mai ƙuna ko ya kama da wuta, kuma wannan abu a bakin mutum yake, ko a aljihunsa cikin zafin Afrilu na Jigawa.

Ba zan ɓoye maka ba, ruwan nan yawanci yana ɗauke da nikotin mai kama jiki kamar na taba, don haka ina roƙonka kada ka bari yaran da ke zama a rumfarka su ɗanɗana da sunan gwaji.

Ka duba ledar da ta lulluɓe batirin nasa. Idan ta yage ko da kaɗan ne kusa da kai, kada ka sa shi a caji a rumfarka. Ka gaya masa ya nemi sabo wanda aka tabbatar yana ɗaukar amfiya 20 a kai a kai, kuma kada ya jefa shi aljihu ɗaya da makullin mota.