Amsar tambayar Yaya kan kuɗin da yaro ke zubawa a cikin gem

Assalamu alaikum 'yan gida. Yaya, barka da yamma. Na saurari muryar da kika turo jiya, inda kike tambaya wai me ya sa babban yaronki kullum sai ya zo roƙon kuɗi zai saya wa ƙungiyarsa 'yan ƙwallo a cikin gem, wato wasan bidiyo, alhali an riga an biya kuɗin gem ɗin. Ki yi haƙuri, amsar za ta ɗan yi tsawo, don abin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Kin ga da, in mutum ya sayi faifai, shi ke nan, ya gama da kamfani. Yanzu kuwa kuɗin faifan tamkar kuɗin shiga kasuwa ne, cinikin yana ciki. Ɗauki gem ɗin ƙwallon da ake bugawa a kowane shagon PS, wato FIFA, wanda tun 2023 ya koma FC. Kamfanin EA na Amurka ne ke yin sa. A 2009 suka shigo da wani sashe mai suna Ultimate Team, inda za ka haɗa ƙungiyarka da kanka. To ta ina 'yan wasan suke fitowa? Daga wani ƙunshi da yara ke ce wa fak. Ka sa kuɗi na gaske, ka buɗe, ba ka san me ke ciki ba. Wataƙila Mbappe ya fito, wataƙila wani wanda ko sunansa ba ka taɓa ji ba, kuma galibi na biyun ne. Ga haske, ga kiɗa, ga kati yana juyowa sannu a hankali, yaro zuciyarsa na dukan uku-uku. Bai samu ba? Sai ya ce bari in ƙara ɗaya, na gaba ne nawa.

Yaya, don Allah mu a nan me muke kiran wannan in ba caca ba? Kuma ba ni kaɗai na faɗa ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta bincika, ta ce irin wannan ƙunshi caca ce a dokarsu. EA ta ɗan yi turjiya, amma a watan Janairun 2019 ta daina sayar da kuɗin cikin gem ɗin a ƙasar.

Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne, duk shekara sai an fitar da sabo, kuma 'yan wasan da ka tara ba sa bin ka zuwa sabon. Komai nawa ka kashe, sai ka sake daga farko. Ko mai haya ai yakan kwashi kayansa in zai tashi.

Mutane sun taɓa yi wa EA ca a 2017, kan wani gem ɗinsu mai suna Star Wars Battlefront II. An sayar da gem da cikakken kuɗi, sannan aka kulle manyan jarumai irin su Darth Vader, masu bugawa suka lissafa sai ka yi kusan awa 40 kafin ka buɗe guda ɗaya. Surutu ya yi yawa har kamfanin ya dakatar da sayayyar cikin gem ana gobe za a fitar da shi. Sannan a Disamban 2022 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa Epic Games, masu gem ɗin Fortnite, biyan dala miliyan 520. Miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutane ne, saboda an tsara maɓallai yadda da taɓawa ɗaya kuɗi sun fita, yara suna saye iyaye ba su sani ba.

Shi ya sa nake roƙonki kar ki yi wa yaron faɗa da yawa. Manya ne masu albashi suka zauna suka tsara yadda zai kasa haƙura, shi kuwa nawa yake? Yanzu dai in akwai katin bankinki a wayarsa ko a na'urar, ki cire shi yau ɗin nan. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo bayan la'asar, ki ce ya jira ni. Zan sa lambar sirri a wurin saye, sannan mu zauna ni da shi mu lissafa abin da ya kashe tun farkon shekara. A gaida Baban yara.