Kafin ka hau jirgi, buɗe cikin kwamfutar ofishin Kawu

Ƙanena, saƙonka ya same ni a hanya ina komawa gida daga wurin aiki a nan Kazablanka, shi ya sa na bari sai da na zauna. Barka da cin bak, barka kuma da samun gurbin karatun gyaran kwamfuta da haɗa rezo, wato sada kwamfutoci da juna, a Maroko. Allah ya sanya albarka. Tambaya biyu ka haɗa min: me ya kamata ka koya a 'yan watannin da suka rage maka a Damagaram, sannan ƙatuwar kwamfutar tebur ɗin nan da aka jingine a ofishin Kawu, wadda ka ce in an danna ta sai wata 'yar fitila ta yi ta ƙyaftawa allo kuma baƙi ƙirin, ko a gyara maka ita ka taho da ita. Na sa amsar a fili saboda na san ba kai kaɗai ke shirin tahowa bana ba.

Kada ka taho da ita. Amma kada ka bari a kai ta wurin mai gyara, domin ita ce makarantarka daga yau har ranar tafiya.

Daga hoton da ka turo, ba kwamfutar buga takarda ba ce irin ta sibar. Irin wadda masu Faransanci ke kira tashar aiki ce, wadda ake ƙerawa don masu zanen gine-gine, masu auna filaye da masu haɗa bidiyo, mutanen da ke kwana a kan AutoCAD ko QGIS. Manyan gidajenta uku ne: Precision na Dell, jerin Z na HP, da ThinkStation na Lenovo. Da yawansu suna ɗauke da furosesa Xeon, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa inji lissafi, da RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake cikin yi, irin mai gyara kuskuren kanta da ake kira ECC, da katin hoto na musamman. Irinsu nake kula da su a ofishin injiniyoyin da nake aiki, kuma da irinta na sha kunyar da har yau in na tuna nakan ji zufa.

Makona na biyu ke nan a makaranta aka shiga da mu ɗakin gwaji. Malami ya ajiye wa kowa akwati ɗaya da wayoyi a tsibe, ya ce a haɗa a kunna. Ni da na zo da makin lissafi mai kyau, na haddace ma'anar furosesa da Faransanci tsaf, na juya bayan akwatin, na ga wata kafa a sama kusa da na USB wadda wayar allo ta shige ta daidai, na cusa. Fanka ta tashi, allo shiru. Na kashe na kunna sau uku, sannan na ɗaga hannu na ce injin ya mutu. Malamin bai ce uffan ba. Ya zare wayar, ya sauko da ita ƙasa kamar taki ɗaya, ya sa ta a kafar katin hoto, sai ga allo ya kawo. Wani ɗan ajinmu da ya taso a shagon gyaran yayansa ya gama tun tuni yana kallona.

To ka ji: in akwai katin hoto a cikin inji, kafofinsa suna ƙasa, a kwance, a jerin ƙarafan nan masu kama da tagar langa-langa. Nan ake sa allo. Kafofin sama na kart mer ne, wato babban faifan da komai ke manne a jikinsa, kuma sau da yawa ba sa fitar da hoto in akwai kati. Wasu injinan Xeon ma ba su da kafar allo a sama ko ɗaya. Fara duba wannan a ta Kawu tun kafin ka taɓa sukuru.

Kafofin allo kansu iri-iri ne. Shuɗiyar nan mai ramuka 15 ita ce VGA, tsohuwa ce tun 1987, amma ba ta mutu ba a ofisoshinmu. Kada ka rikita ta da mai tsinke 9, wadda ake kira siriyal, ta haɗa na'urorin awo da tsofaffin kayan masana'anta. HDMI ka san ta daga talabijin. Wadda za ta yi maka baƙunta ita ce DisplayPort, mai kama da HDMI amma kusurwa ɗaya ce kawai a yanke, kuma ita ta fi yawa a katunan aiki. Yawancin wayoyinta suna da ƙugiya: sai ka matse kan wayar kafin ka ja. Na ga ƙato ya fizge ta da ƙarfi ya fito da hanjin kafar a hannunsa.

USB kuwa launin harshen da ke ciki ne ke ba ka labari. Baƙi galibi 2.0 ne, gudunsa megabit 480 a daƙiƙa, ya ishi kilabiye da suri, wato abin buga rubutu da linzamin kwamfuta. Shuɗi 3.0 ne, gigabit 5, can ake sa diskin waje in ana kwasar manyan fayiloli. 'Yar ƙaramar da ba ta da sama ba ta da ƙasa ita ce USB-C, in ka ga alamar walƙiya a gefenta to Thunderbolt ce, irinta mai tsananin gudu. Zagayayyun nan biyu, shunayya ta kilabiye, koriya ta suri, sunansu PS/2, kuma ana sa su ne inji na kashe. Na sauti uku ne: kore na lasifika, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigar da sauti daga wata na'ura. Sai kafar rezo, RJ45, wadda za ta zama gonarka tunda ita za ka karanta. Tana da 'yan fitilu biyu, ɗaya na nuna an haɗu da wancan ɓangaren, ɗaya na ƙyaftawa in bayanai na wucewa. In aka ce maka babu intanet, kafin ka buɗe komai a allo, sunkuya ka duba su. Rabin kiran da ake min a ofis a durƙushe nake gama shi.

Wani abu kuma da nake so ka nema da idonka kusa da inda wayar kuran ke shiga: ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Sababbin injina ba su da shi, suna daidaita kansu. Amma tsofaffin da ake kwasowa daga Amurka sukan zo a kan 115, mu kuwa kuran ɗinmu 220 ne, haka ma na Maroko. Ina ɗan sakandare na ga an jona irin wannan a wani shago a Zango, ƙara ɗaya, hayaƙi, mai shago ya dafe kai. Akwatin wutar, wanda ke raba wa sassan injin wuta, ya tafi ke nan.

Yanzu ga fitilar da ta dame ka. Ba lalacewa take nunawa kawai ba, magana take yi. Duk sanda aka kunna inji, kafin Windows ta tashi, yakan bincika sassan jikinsa. In ya samu matsala alhali bai kai ga allo ba, ba shi da bakin faɗa sai fitila da ƙara. Aikinka shi ne ƙirga. Launin me take, fari ko ruwan goro ko ja? Sau nawa take ƙyaftawa kafin ta huta? A tsofaffin Z na HP, ja sau biyar tare da ƙara biyar matsalar RAM ce, sau shida katin hoto. Dell kuwa kashi biyu take ƙirgawa, 'yan ƙyaftawa, hutu, sannan wasu, kuma ma'anar lambobin takan canza daga zamani zuwa zamani, don haka kada ka haddace na wani inji ka ɗora wa wani. A jikin akwatin akwai takarda mai sunan samfurin da lambarsa. Da ita za ka sauko da littafin gyaransa daga shafin kamfanin, kyauta ne. Ɗaya 'yar fitilar ta gaba, mai hoton ganga a gefe, ta diski ce, ƙyaftawarta lafiya ce. Wasu Dell suna da ɗan maɓalli da fitila a bayan akwatin wuta, in ka danna ta kawo kore to wutar na da rai.

Maɓallin kunnawa kuma, danna sau ɗaya roƙo ne, injin zai tattara aikinsa ya kwanta. Riƙe shi na 'yan daƙiƙu shaƙewa ne. Mutanenmu sun mai da shaƙewar al'ada, sannan su yi mamakin fayil ya lalace.

Sai ka buɗe. Zare wayar kuran tukuna, ka danna maɓallin kunnawa don sauran wutar ta fice, sannan ka dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu. Wannan na ƙarshe kada ka raina shi, musamman da hunturu, lokacin da in ka cire riga cikin duhu kake jin tas-tas. Wannan 'yar wutar da ba ta kashe sauro tana iya kashe RAM. Abin daɗi da irin waɗannan injinan, yawancinsu ba sa neman sukudireba, hannu ɗaya za ka ja murfin ya buɗe, kuma wuraren da aka yarda ka taɓa an yi musu launi daban.

A ciki za ka ga tulin ƙarfe mai haƙarƙari da fanka a jiki, furosesa na ƙarƙashinsa. Bar shi tukuna, don in ka ɗaga sai ka sake shafa man da ke tsakaninsu, kai kuwa ba ka da shi. A gefensa sandunan RAM ne a tsaye, waɗanda masu gyara ke kira baret. Su nake zargi a ta Kawu. Buɗe 'yan kunnuwan da ke riƙe da su, ka zare, ka riƙe ta gefe, ka hure ramin, ka mayar da guda ɗaya tak a ramin da aka rubuta wa lamba 1 har ka ji ƙas. Kunna. In ta tashi, ƙara ta biyu. Haka za ka kama mai laifin. Ka lura da tsagar da ke ƙasan sandar: ta DDR3 da ta DDR4 ba wuri ɗaya suke ba, in ta ƙi shiga kada ka tilasta. Kuma RAM ɗin irin wannan inji sau da yawa ba ta zama da ta kwamfutar gida, ko da tsagar ta yi daidai. Dogon ramin da katin hoto ke zaune PCIe ne, yana da ƙugiya a ƙarshe, manyan katuna kuma suna da wayar wuta tasu mai rami 6 ko 8. Diski ko dai akwati ne mai siririyar wayar SATA, ko ɗan faifai kamar yatsa kwance a jikin kart mer, M.2.

Akwai kuma batir kamar kwabo, CR2032, bolt 3. Injin da ya shekara biyu a jingine, mai yiwuwa nasa ya ƙare, sai agogo ya rikice, wani ma ya ƙi tashi. Masu gyaran agogo a Kasuwar Dole suna iya samunsa. Ƙura kuwa ba sai na faɗa maka ba, ƙurar Damagaram da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 sun ishi kowane inji. Ka hure a waje, ka riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta, kuma ban da ruwa ko tsumma mai danshi.

Dalilin da na ce kada ka taho da ita: ta haura kilo goma, jakar jirgi kuma galibi kilo 23 ce. A nan akwai kasuwar Derb Ghallef, inda za ka samu irinta da kayanta rumfa bayan rumfa, in ka iya ciniki da ɗan Larabcinsu. Ga kuma maganar Windows 10 da Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman wani ɗan kayan tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, waɗanda tsohon inji ba lalle ne yana da su ba. In ta Kawu ta tashi, sa mata Linux a madadin Windows ka yi ta wasa da ita, zai yi maka amfani a darasin rezo. Wurin da za ta ci a jaka ka cika shi da rigar sanyi da kilishi, rabin kilishin nawa ne.

Ka turo min hoton bayanta da haske sosai, da na takardar lambar, da ɗan bidiyon fitilar tana ƙyaftawa, amma ka fara ƙirgawa da kanka ka faɗa min abin da littafin ya ce kafin in faɗi nawa. Ka gaishe da Inna, ka ce wa Kawu ni na ba ka izinin buɗewa.