Hukuncin rufe ido a suranta abu a zuci, da zana abin da aka gani

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mu Hausawan Wad Madani ne a Sudan, yaƙi ya koro mu Gadarif a ƙarshen 2023. Tun daga lokacin 'yata mai shekara 19 ba ta barcin kirki, ko ƙofa aka buga sai ta zabura. Wasu ma'aikatan jinya da ke zuwa inda muke suka koya wa mata abin da suke kira ta'ammul: a zauna, a rufe ido, a ja numfashi a hankali, wata tana cewa ki ga kanki a wurin da hankalinki ya fi kwanciya. Ita takan ga kanta a bakin kogi, gidan kakarta a Mai Wurno, kuma ta samu sauƙi. Daga baya ta samo wani sauti a waya, muryar wata mata da Larabci tana cewa ki bi haske, ki shiga wata ƙofa, za ki tarar da jagoranki na ruhi, ki tambaye shi sunansa. Yanzu ta cika littafi da zanen wani mai fararen kaya, tana cewa shi ke nuna mata abin da za ta yi. Mahaifinta ya ce duk kafirci ne, a ƙone littafin, a hana ta zuwa wurin ma'aikatan. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya yaye muku wannan musiba, ya mayar da ku gidajenku, ya ba yarinya lafiya.

Malama, abu biyu kika kawo a kwano ɗaya. Na ma'aikatan jinya, yadda kika siffanta shi, halal ne, kada a hana ta. Na wayar haramun ne, ta bar shi daga yau. Kishin maigidanki yana kan hanya, sai dai ya yi musu kuɗin goro.

Zama shiru da jan numfashi da tuna bakin kogi ba ibada ba ne, magani ne, shi kuwa magani da sauran al'amuran rayuwa asalinsu halacci sai in dalili ya hana. Wanda ya daɗe cikin ƙarar bindiga jikinsa yakan saba da firgita, zuciya ta dinga bugawa ko babu komai, kuma likitoci sun san cewa sakin numfashi a hankali yana sassauta wannan bugun. Gaskiya ne wasu daga cikin hanyoyin nan sun samo asali daga mabiya addinin Buda. Wani masani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, shi ya ɗauko su a 1979, ya cire musu tufafin addini, ya mayar da su shirin mako 8 na rage damuwa a asibitin wata jami'a, daga nan suka bazu. Amma asali kaɗai ba ya haramta abu. Muslim ya ruwaito cewa Aufu bin Malik ya ce sun kasance suna tofi a Jahiliyya, suka tambayi Annabi (SAW), sai ya ce su karanto masa tofin nasu, babu laifi a tofi matuƙar babu shirka a ciki. Bai kore shi don daga Jahiliyya ya fito ba, cewa ya yi a bari ya ji abin da ke ciki. To ke ma ki yi haka. Ki raka ta sau ɗaya, ki zauna, ki saurara da kunnenki. In kika ji an ba su wata kalma da ba a san ma'anarta ba a ce su yi ta maimaitawa, irin "Om" ta Hindu, ko aka ce su roƙi "sararin duniya" ya ba su abu, ku tashi. In numfashi ne da tuna gida, ku ci gaba, ku yi wa ma'aikatan godiya.

Shi kansa suranta abu a zuci ba baƙo ba ne a Musulunci. Hanzala (RA) ya ce wa Abubakar idan suna wurin Manzon Allah yana tuna musu wuta da aljanna, sai su ji kamar suna ganinsu da ido. A hadisin Jibrilu an ce ihsani shi ne ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa. Ki lura da kalmar "kamar" a wuraren biyu, don duk hukuncin nan a kanta ya rataya. Hanzala ya san ba wutar yake gani ba, labarin da mai gaskiya ya ba shi ne yake raya wa zuciyarsa don ta ji tsoro. Haka 'yarki lokacin da take ganin gidan kakarta, ta san a Gadarif take zaune, ta san tunani ne, ita ta kira shi, ita za ta sallame shi. Iyaka ɗaya ce a nan, wadda duk almajiri ya karanta a farkon Risala ta Ibn Abi Zaid: masu tunani suna lura da ayoyin Allah, ba sa tunani a kan yadda zatinsa yake. Babu abin da ya yi kama da shi, kamar yadda ya faɗa a Suratus Shura, don haka ba a suranta shi da haske ko fuska ko wata siffa.

Sautin wayar nan abin da ya yi shi ne ya goge "kamar". Ya ce mata akwai wani a bayan ƙofar, yana da suna, yana da saƙo. To wane ne shi? Mala'ika dai ba ne, don a Suratu Maryam Jibrilu ya ce ba sa sauka sai da umarnin Ubangiji, ba muryar da aka naɗa a waya ke sauko da su ba. Saura biyu. Ko dai zancen zuci ne, ranta ne ya ƙera mata mai rarrashi saboda tsananin da ta shiga, wannan shi na fi zato. In haka ne, ta ɗauki son ranta ta ɗora shi a kujerar gaibu tana yi masa biyayya, shi kuwa gaibu Allah kaɗai ya san shi. Ko kuma shaiɗan ne ya samu ƙofa a buɗe ya shigo, kuma Allah ya ba mu labari a Suratul Jinn cewa wasu maza cikin mutane suna neman tsari da wasu maza cikin aljanu, sai suka ƙara musu wahala. Ko wanne ne, bin sa bai halatta ba.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya rikita mu ba, mun san shi tun a gida. A bori ana girka mutum a gano wane iska ne a kansa da abin da yake so. A nan Sudan ma shaikar zar, wato borin ƙasar nan, aikinta ke nan, ta buɗe gwangwanin turare, ta nemi sanin wane ne ya kama mara lafiya, me yake buƙata. "Ki tambaye shi sunansa" ita ce dai tambayar, garaya da turaren ne kawai babu. Abin da ke ba ni takaici shi ne yarinyar da ba za ta taɓa taka gidan zar ba tana iya faɗawa cikin wannan, don ya zo mata da murya mai taushi da Larabci mai kyau.

Wani zai ce ai salihai ma suna ganin abubuwa a halwa da mafarki. Annabi (SAW) ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga shaiɗan, da abin da mutum ke raya wa kansa. Ko na farkon ba a gina hukunci a kansa. Manyan sufaye da kansu sun tsaya a nan. An ruwaito daga Abu Sulaiman Addarani cewa wani abu yakan faɗo a zuciyarsa, ya yi kwanaki, amma ba ya karɓarsa sai da shaidu biyu adilai, Littafi da Sunna. In wanda ya ƙarar da rayuwarsa a ibada bai amince wa abin da ya gani ba, ina ga wadda wata baƙuwar murya ta ja ta?

Zanen kuma. A Turai akwai masu zanen da suka gina sana'arsu a kan haka. Wata 'yar Suwidin, Hilma af Klint, da ta rasu a 1944, ita da ƙawayenta huɗu sun riƙa zaman kiran ruhohi, ta kuma ce ruhohin ne suka umarce ta da manyan zane-zanen da ta fara a 1906. Wannan ita ce gonar da sautin ke jan 'yarki zuwa cikinta. A mazhabar Malikiyya, mutum-mutumi cikakke na abu mai rai haramun ne, zanen mai rai a takarda makaruhi ne, sauran mazhabobi kuwa sun fi tsanantawa. Amma littafin 'yarki ya wuce wannan saɓani, don surar wanda take girmamawa tana yi wa biyayya ce a ciki. Bukhari ya kawo daga Ibn Abbas cewa Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru sunayen salihai ne a mutanen Annabi Nuhu, aka kafa musu alamomi don tunawa, da ilimi ya gushe sai aka bauta musu. Kada a raba ta da fensir. Ibn Abbas ya ce wa wani mai sana'ar zane in dole ne ya zana itace da abin da ba shi da rai. Ta zana kogin, ta zana gonakin dawa da zauren kakarta, ta yi ado da launi yadda take so.

Ki isar wa maigidanki cewa kada ya sake jifan 'yarsa da kafirci. Yarinya ce mara lafiya da ta nemi sauƙi, ba ta san hukunci ba, kuma kalmar tana da nauyi a wurin Allah. Kada a ƙone littafin a gabanta da faɗa, don wanda aka ƙwace wa abin da ya jingina da shi yakan koma masa a ɓoye. Ki zaunar da ita, ki karanta mata wannan amsa, ta goge sautin da hannunta, ta cire shafukan da hannunta. Ki kuma tambaye ta a hankali ko tana jin muryarsa ido buɗe, tana cikin mutane. In ta ce e, ku faɗa wa ma'aikatan jinyar, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa ba da jinkiri ba, wannan yana iya zama ciwo mai buƙatar magani, kuma zuwa asibiti ba ya hana ruƙiyya.

Da dare ki kwanta kusa da ita. Ta karanta Ayatul Kursiyyu. Sannan ta tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu ta shafe jiki sau uku, kamar yadda A'isha ta ce Annabi (SAW) yana yi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Khalid bin Walid, wanda ya ga yaƙi fiye da mu duka, ya kai kukan cewa ana firgita shi a barci, sai Manzon Allah ya koya masa: A'uzu bi kalimatillahit tammati min gadabihi wa iƙabihi wa sharri ibadihi wa min hamazatis shayaɗini wa an yahdurun. Ki koya mata ita, ki kuma gaya mata wanda aka koya wa.

Wallahu a'alam.