Amsa ga 'yar'uwar da maigidanta ba ya gane mutum sai ya yi magana

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sai da na karanta tambayarki sau biyu kafin na iya amsawa, don kamar labarina kika rubuta. Kin ce maigidanki yakan wuce ɗan'uwansa a hanya kamar bai taɓa ganinsa ba, har dangi sun fara cewa girman kai ne, amma idan aka kira shi a waya, kafin mutum ya gama gaisuwa ya ambaci sunansa. Kuma an duba idonsa an ce lafiya lau. Ni ma haka nake tun ina ƙarama. Shekarata 22 ina koyarwa, kuma sai da na kusa shekara 40 da haihuwa na san abin yana da suna: makantar fuska.

Ido ɗauko hoto kawai yake yi. Ƙwaƙwalwa ce ke cewa wannan wane ne, kuma fuska tana da nata wurin na musamman, can ƙasan ƙwaƙwalwa ta wajen bayan kunne, ya fi ƙarfi a ɓangaren dama. A 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka suka nuna da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa cewa wurin nan ya fi motsawa idan mutum ya ga fuska, fiye da idan ya ga gida ko wani abu daban. A wajen yawancin mutane ido da hanci da baki suna haɗuwa su zama abu guda nan take, tun kafin mutum ya yi tunani. Ki gwada wannan: ki ɗauki hoton wadda kika sani sosai ki juya shi kai a ƙasa. Komai yana nan, ga ido ga baki, amma sai kin ɗan tsaya kafin ki ce wance ce. To kusan haka nake ganin kowa kullum. Ina ganin fuskar sarai, ina gane fushi da murmushi, amma ba ta gaya mini ko ta wace ce.

Murya kuwa hanyarta daban. A 2000 Pascal Belin da abokan aikinsa a Kanada suka gano wurare a gefen ƙwaƙwalwa da suka fi amsa sautin ɗan Adam, har tari da dariya, fiye da sauran ƙararraki. Kuma wannan hanyar da wuri take buɗewa: tun a 1980 aka nuna cewa jariri ɗan kwana uku ya fi son muryar uwarsa a kan ta wata mace, don tun yana ciki yake jin ta. Shi ya sa hanya ɗaya za ta iya toshewa ɗayar tana aiki sarai. Akwai ma masu akasin namu, suna gane fuska amma ba sa gane murya, ko ta 'yan gidansu.

Mai lafiyar duka biyun ba ya lura cewa biyu ne, don ƙwaƙwalwa tana gwama su. Harry McGurk da John MacDonald sun nuna haka a Ingila a 1976: aka sa mutane suna jin "ba" alhali leɓen da suke kallo yana faɗin "ga", sai da yawansu suka ce "da" suka ji.

Wannan rashin gane fuska irin namu shi ake kira makantar fuska. Wani likitan Jamus, Joachim Bodamer, shi ya ba shi sunansa na likitanci a 1947 bayan ya ga masu rauni a ka da suka daina gane fuskoki. Daga baya aka fahimci cewa wasu haka aka haife su, kuma yakan bi jini. Ana ƙiyasta kusan mutum 2 cikin 100.

A nan ina so ki natsu. Ki tambaye shi ko tun yana yaro yake haka. Idan kwanan nan ya fara, musamman farat ɗaya, ko bayan buguwa a ka, ko yana haɗe da mantuwa, ciwon kai ko mutuwar hannu, kada ku jira, ku ga likitan ƙwaƙwalwa, don shanyewar ɓarin jiki tana iya zuwa ta wannan sigar. Idan kuwa tun fil'azal ne, babu ƙwayar da ke warkar da shi, amma ana rayuwa da shi lafiya.

Ni ɗalibaina da wurin zama nake riƙe su, da tafiya, da tsayi, sai murya wadda ita ce babbar madogarata. Ranar da ba na mantawa, na je ɗauko 'yata daga makaranta, yara duk kaya iri ɗaya, tana tsaye a gabana ina ta waige-waige ina neman ta. Sai da ta ce "Mama" na san ita ce. Ta yi kuka a hanya, ta ce ba na son ta. Ba ni da bayanin da zan yi mata a lokacin, kuma har yau abin yana sosa mini rai.

Don haka ki fara da shi kansa, cikin lallashi, don wataƙila ya daɗe yana ɓoyewa saboda kunya. Sannan ki yi wa dangi bayani su riƙa fara magana idan sun haɗu da shi, ko su faɗi sunansu. A cikin taro ki tsaya kusa da shi ki raɗa masa wanda ke tahowa. Yara ma a gaya musu da wuri. Ita 'yar tawa yanzu ta girma, kuma duk inda muka haɗu, tun daga nesa take ɗaga murya ta kira ni.