Sabon injin yankan ciyawa ya iso da tsagewa: a gyara ko a mayar?

Malam, ka ce ka sayo injin yankan ciyawa a Birnin Kebbi, da ka buɗe kwali ka tarar tankin mai ya tsage, doguwar sandar da ke ɗauke da wuƙar kuma ta ɗan lanƙwashe. Ni dai shawarata ka mayar.

Kada ka zuba masa mai, kada ka bari bakanike ya kwance ko da ƙusa ɗaya. Da zarar an taɓa shi, mai shago zai ce a hannunka ya lalace. Ka ɗauki hotonsa yau, ka haɗa da rasit da kwalin, ka koma. Dokar kare masu sayayya ta 2018 ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya (FCCPC) kuma tana karɓar koke, kodayake a kasuwanninmu shugaban 'yan kasuwar layin ya fi saurin raba gardama.

Da tankin ne kaɗai, sai in ce ka karɓi ragi a sauya shi, roba ce. Sandar ce ta dame ni. A cikinta ƙarfen da ke juya wuƙar yake, in ta lanƙwashe injin zai riƙa jijjiga, ya cinye boris, ya gajiyar da hannu. Miƙe ta da guduma ba ya dawo da ita daidai, kuma wuƙa mai gudu haka kusa da ƙafa ba abin wasa ba ce.

In an ba ka wani, a tayar da shi a gabanka kafin ka bar shagon.